Gurbin Bangaskiya a Littafin Kawu

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar nan taki? A saƙonki na ƙarshe kin ce likita ya hana ki doguwar tsayuwa, ni kuwa na san ki, ko an ɗaure ki a kujera sai kin sami abin da za ki tashi ki gyara. Muna sa ki a addu'a kowace safiya, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ba ki haƙurin zama. Mu nan muna lafiya. Maman yara ta koma kan keken ɗinkinta tun da ciwon bayan ya daina damunta. Babbar 'yarmu ta shiga aji biyu na sakandare, ta kamo ni a tsawo, har ta fara gyara mini Turanci a gaban baƙi. Auta ya zubar da haƙora biyu na gaba, yanzu ba ya dariya sai ya rufe baki da hannu. Rufin ɗakin baya da kika gani yana yoyo an gyara shi, ko da yake har yanzu nakan ajiye bokiti a wurin, don ban gama yarda da kafintan ba.

Na daɗe ina juya wannan wasiƙa. Littafina na kullum, wanda kike yi mini dariya a kansa tun muna yara har kika laƙaba mini Sakatare, ya nuna sau huɗu ina fara ta ina yagewa. Da na so da na kira ki a waya, amma na san halina: da zarar na ji muryarki zan ce komai lafiya, mu yi hirar yara, in kashe. Abin da ya tilasta ni shi ne saƙon da kika aiko kina taya ni murna. Kin ce kin ji an ba ni aji shida, kin ce da Inna tana raye da ta yi kukan daɗi, kika ƙara da cewa lallai Kawu yana alfahari, tunda ya huta ya bar wa ɗansa kujera. Yaya, Kawu ba hutawa ya yi ba. Cire shi aka yi, kuma da takardar da na rubuta da hannuna aka cire shi. Gara ki ji daga bakina, a jere yadda ya faru, kafin wani ya kawo miki shi a hargitse.

Ba sai na tuna miki wane ne Kawu ba, amma zan rubuta don in ji nauyin abin a hannuna. Ƙanin Inna ne, kuma shi ya kwashe mu biyu bayan rasuwarta, ya shimfiɗa mana tabarma a ɗakin da yake ajiye littattafai, matarsa ta ce mu riƙa ce mata Mama. Shi ya koya mini riƙe fensir. Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, na yi shekaru ina 'yan buge-buge, shi ne ya tsaya gaban kwamitin makarantar ikkilisiya ya ce a ɗauke ni koyarwa ko da ba ni da takardar malanta, in na gaza a tuhume shi. Shekara goma sha shida ke nan. Shi kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi a makarantar, ashirin daga ciki a aji shida, a ɗakin nan na ƙarshe mai tagar da ba ta rufuwa.

Kin san shekara biyu da suka wuce aka kawo mana sabon Hedimasta, mutum mai tsabta da fara'a, wanda ba ya ɗaga murya. A farkon wannan shekarar karatu ya shirya mana taron bita na kwana biyu, aka gayyato wata malama ta yi mana magana a kan yadda za a shigar da bangaskiya cikin koyarwa. Ba zan yi mata sharri ba, ta yi magana mai kyau. Ta ce makarantar ikkilisiya ba makaranta ce kawai da aka liƙa wa addu'ar safe ba. Ta ce idan duniya ta Allah ce, to lissafi nasa ne, tsiro da ruwan sama nasa ne, kuma bai kamata yaro ya gama sujadar safe ya bar Allah a bakin ƙofa ya shiga aji shi kaɗai ba. Na duba abin da na rubuta ranar, na ce yau na gane dalilin da ya sa nake tsayawa gaban allo. Kawu ma yana zaune kusa da ni yana gyaɗa kai, har ya je ya gaishe ta bayan an tashi.

Da malamar ta tafi, sai Hedimasta ya mayar da maganarta gurbi. Ya ce kowa ya ɗauki rula ya ja layi a gefen dama na littafin shirin darasinsa, faɗin yatsa uku, ya rubuta Bangaskiya a sama. Kowane darasi sai an sa masa aya a wannan gurbi, da jimla ɗaya da ke nuna yadda ayar ta haɗu da darasin. Kowace Juma'a a tattara littattafan a duba, a buga hatimi. Kin san ni da layi da gurbi, kamar an buɗe mini ƙofar gida. Darasin rabawa na ba shi labarin gurasar da aka raba wa taro. Darasin awo na ba shi tsawo da faɗin jirgin da aka sassaƙa kafin ruwan tsufana. Ranar da zan koyar da tsabtar baki na yi rabin awa ina neman ayar da ta ambaci haƙori, wadda na samu kuwa ta masu kuka da cizon haƙora ce, na sa ta haka nan. Ba a daɗe ba malamai suka fara biyo ni ɗakin malamai suna roƙon aya kamar masu aron gishiri. Malamar aji ɗaya ta ce in taimaka mata da ta wasula. Malamin wasanni ya sami aya ɗaya ta tsere, ya riƙe ta zango guda, ko ƙwallo za a buga ita ce, ko tsalle ita ce. Muna dariya, amma muna cikewa.

Akwai rana ɗaya da nake so ki sani. Ina aji uku a lokacin, darasin ɗebewa. Na zana ƙananan da'ira ɗari a allo, layi goma, na ce wa yara tumaki ne, na ba su labarin makiyayin da tunkiyarsa ɗaya ta ɓata. Sai na sa tsumma na goge ɗaya, na tambaya saura nawa. Suka haɗa baki suka ce casa'in da tara. Na ce daidai, su tafa wa kansu, suka tafa. Ashe Hedimasta yana tsaye a taga. A taron malamai ya miƙar da ni tsaye ya ce kowa ya yi koyi da ni. Da aka fita hutun tara, Kawu yana shan shayinsa a baranda, ya kira ni da sunan da kika sa mini, ya tambaye ni ina tunkiyar da na goge ta tafi. Na ce ai ɗebewa ce kawai. Ya ce shi dai a iya saninsa makiyayin labarin bai yarda da casa'in da tara ba, amma ni na sa yara sun yi mata tafi. Da dariya ya faɗa, har ya miƙo mini kofinsa in kurɓa. Abin da na rubuta a littafina ranar shi ne, Kawu ya fara tsufa, yana son gardama. Na koma kan wannan layi sau da yawa tun daga nan.

Saboda wannan yabo aka ɗora mini duba littattafan Juma'a, aka ba ni hatimin da ƙaramin tebur a kusurwar ofis. A nan na ga littafin Kawu. Ya ja layin, ya rubuta Bangaskiya da kyakkyawan rubutun nan nasa mai kwanciya, amma yawancin guraben babu komai. Jefi-jefi yakan cika. A darasin yadda iri ke tsirowa ya rubuta har ya ƙetare layi. A darasin ido da kunne ma haka. Amma doguwar rabawa, da kashi cikin ɗari, da kusurwoyi, fari fat. Na tambaye shi, ya ce ba ƙin umarni yake yi ba, inda ayar ta zo da ƙafarta yana buɗe mata, inda kuma sai an jawo ta da igiya yana barin ta ta huta. Ya ce Maganar Allah ba kan sarki ba ce da ake manna wa kowace ambulan don ta wuce. Ya ce yaron da aka koya wa doguwar rabawa da haƙuri har ya gane, ba a zage shi ba, ba a tsallake shi ba, ya riga ya ga abin da ake so ya gani. Ban buga masa hatimi ba, ban kuma kai ƙara ba. Nakan tura littafinsa ƙarƙashin sauran in yi shiru. Wata biyar ana haka, Hedimasta ya sani, ya ƙyale.

Abin da ya tayar da maganar daban ne. Tun zuwan Hedimasta, kafin a yi wa 'yan aji shida rajistar jarrabawar fita, sai a yi musu gwaji. Wanda ya faɗi ba a sa sunansa, a kira iyayensa a ce ya maimaita aji ko su nema masa wani wuri. Ta haka ake samun rubuta wa a allon bakin ƙofa cewa duk ɗalibanmu sun ci. Takardar cire sunayen kuwa sai malamin aji ya sa hannu. Bara Kawu yana kwance a asibiti lokacin, mataimakin Hedimasta ya sa masa. Bana yara biyar ne cikin arba'in da ɗaya. A cikinsu akwai wata yarinya mai in'ina da yara ke kira Shiru, wadda Kawu ya ce ta san amsa, lokaci ne kawai ke cin ta. A taron malamai aka miƙa masa takardar, ya karanta, ya mayar. Ya ce ba zai sa hannu ba, kuma in ana neman inda bangaskiya za ta shiga tsarin karatu, to ga gurbinta nan a ƙasan wannan takarda. Kowa ya sunkuyar da kai. Hedimasta ya yi murmushi ya ce za a sake dubawa, aka wuce maganar fentin aji.

Mako biyu bayan haka ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya ce kwamiti yana son rahoto a kan yadda malamai ke bin sabon tsari, kuma babu wanda ya kai ni tsabtar aiki. Ba ra'ayi yake so ba, lambobi kawai: darussa nawa, nawa aka cika, nawa aka bari. Har na miƙe sai ya ce af, ya tuna, masu duba makarantu sun sake tambayar malaman da ba su da takardar malanta, shi dai yana ta rufa mini asiri, kuma yana da niyyar sa sunana a kwas ɗin hutu na samun takardar in Allah ya yarda. Bai haɗa maganar biyu ba. Ni na haɗa su a kan hanyar komawa aji, kuma na tabbata don in haɗa ɗin ya jera su.

Ran Asabar na je gidan Kawu da littafinsa a jaka. Na same shi yana gyaran ƙafar benci a tsakar gida. Na ce ya bar ni in cike masa guraben, ina da ayoyi a jere, kafin Litinin na gama, kuma na iya kwaikwayon rubutunsa tun ina yaro. Ya ajiye guduma ya dube ni, ya ce wato in rubuta cewa ya karanta wa yara ayar da bai karanta ba, sau ɗari da wani abu, a ƙarƙashin kalmar Bangaskiya. Ya ce in je in ƙirga abin da aka ce in ƙirga, kada in ƙara, kada in rage. Mama ta kawo mini abinci, na ci, na yi godiya, na tafi. A hanya na ce wa kaina ai shi ya ba ni izini. Na kuma ce lamba ba ta da ɓangare, ni dai ma'auni ne. Waɗannan duka suna cikin littafina, da kwanan wata. Wani lokaci nakan yi mamakin yadda mutum zai rubuta wa kansa ƙarya a littafin da babu mai karantawa sai shi.

Na yi rahoton da rula, malamai goma sha ɗaya, kowa da layinsa. Goma sun cika duka, har da mai ayar tsere. Layin Kawu: darussa ɗari da sittin, an cika goma sha bakwai, babu komai a ɗari da arba'in da uku. Kwamiti ya zauna ranar Alhamis da la'asar a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a, mai dogon tebur da fankar da ke ƙara a kowane juyi. Akwai Fasto, da dattawan ikkilisiya biyu, da wakiliyar iyaye, da Hedimasta. Kawu ya sa farar rigarsa, da biro biyu a aljihu, shuɗi da ja. Ni aka sa na karanta. Babu wanda ya ambaci yara biyar ɗin, ko sau ɗaya. Hedimasta ya ce abin yana yi masa ciwo, amma makarantar da ke kiran kanta ta Kirista ba za ta bar ajinta mafi girma a hannun wanda ya bar Allah a waje sau ɗari da arba'in da uku ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya maimaita lambar a hankali, yana girgiza kai.

Yaya, ga wurin da nake so ki karanta a tsanake. Kin san Fasto ɗalibin Kawu ne, a wannan ɗakin mai tagar ya zauna. Na ga yana neman hanya. Ya cire tabarau, ya juyo gare ni, ya ce ni da na tashi a hannun malam, na kuma yi aiki kusa da shi shekara goma sha shida, in faɗa wa kwamiti tsakanina da Allah, a ganina malam yana koyarwa da bangaskiya ko kuwa. Amsar tana bakina. Ina da labarin tabarmar ɗakin littattafai, ina da na yaran da yake tsayawa da su bayan an tashi, ina da na takardar da ya mayar. Na dubi Hedimasta, yana duban farcensa. Sai na ji kaina ina cewa ni ƙirga aka ce in yi, kuma na ƙirga. Fasto ya mayar da tabaransa. Da aka tambayi Kawu ko yana da magana, ya ce kowace safiya yakan kira sunan yaransa ɗaya bayan ɗaya a addu'a kafin ya fito daga gida, bai san akwai gurbin da ake rubuta wannan ba, in akwai a nuna masa. Ya ce ya gode da shekara talatin da ɗaya. Bai dube ni ba, kuma na gode wa Allah da bai duba ba.

Aka ce ya yi ritaya cikin girma a ƙarshen zango. Ran Lahadi aka kira shi gaba, aka yi masa addu'a, aka ba shi agogon bango a kwali, jama'a suka tafa. Wannan ne labarin da ya iso gare ki, shi ya sa ban ga laifinki ba.

Ranar ƙarshe, bayan yara sun watse, ya aika aka kira ni ajin don ya miƙa mini aiki, tunda ni aka ba. Ya ba ni makullin kabad a ɗaure da igiya. Ya nuna mini yadda ake tokare tagar da guntun katako in ruwa ya taso. Ya gaya mini wanda ba ya gani daga baya amma yana jin kunyar faɗa, da wadda ke zuwa ba ta karya ba, da tagwayen da in aka raba su ɗaya ba ya iya komai. Ina ta rubutawa, don ban san inda zan sa idona ba. Da ya gama sai ya ce in ba shi kwafin rahoton. Na ciro daga jaka na ba shi. Ya zauna a kujerarsa, ya buɗe littafin shirinsa wajen tsakiya, ya sa farce ya raba wasu shafi biyu da shayi ya zuba ya manne su. Darussa uku ne a ciki, duka babu aya. Ya ciro jan biro ya soke ɗari da sittin ya rubuta ɗari da sittin da uku, ya soke ɗari da arba'in da uku ya rubuta ɗari da arba'in da shida. A ƙasa ya rubuta a sake dubawa, kamar yadda yake yi wa yara. Ya ce Sakatare, in mutum zai tsaya a kan ƙirga kaɗai, to ya kamata ƙirgar ta fita daidai. Sannan ya sa mini jan biron a aljihu, ya ce malamin aji shida ba ya rabuwa da shi, ya ɗauki hularsa ya fita. Na zauna na sake ƙirgawa sau biyu. Shi ne da gaskiya.

Saura abu ɗaya, kuma na so in tsallake shi. Mako na biyu da dawowa daga hutu takardar yara biyar ta dawo, yanzu da sunana a ƙasa. Na ajiye ta a aljihun tebur kwana biyu. Na ce zan je in yi magana, har na rubuta abin da zan faɗa, layi bakwai. Ran Laraba da ƙarfe goma da minti ashirin, tsakanin lissafi da kimiyya, na sa hannu. Da shuɗin biro na sa. Gurbin darasin da na koyar bayan nan a cike yake, aya mai kyau ce kuwa, a kan haske. Ajina yanzu talatin da shida ne, an fitar da benci ɗaya don a sami wurin wucewa, kuma ana sa ran duka za su ci.

Yaran biyar suna barandar Kawu kowace rana bayan azahar, a kan bencin nan da na same shi yana gyarawa. Da ƙafarsa ya taka har wata ƙaramar makaranta a ƙarshen gari, ya roƙa aka karɓi sunayensu don jarrabawar. Maman yara ce ke kawo mini labari, don ita tana zuwa. Ta ce Mama ta gaya mata har yanzu ƙarfe bakwai ya gama shiri, ya sa riga ya soka biro, sannan ya zauna a kujera yana jiran azahar. Agogon yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado. Ta ce ta ji Shiru tana karanta amsa da ƙarfi, tana tsayawa tana ci gaba, Kawu bai katse ta ba. Mama in mun haɗu a majami'a takan amsa gaisuwata, ba ta ƙara komai. Shi kuwa kullum sai ya aiko a gaishe ni, ya ce a tambaye ni ko an gyara tagar. Da zagina ya aiko da na fi samun barci. Hanyar makaranta ta ƙofar gidansa ta bi, kin sani. Yanzu ta bayan kasuwa nake zagayawa da keke, ƙarin minti goma sha ɗaya, na auna.

Ban san abin da na yi imani da shi game da gurbin nan ba yanzu. Malamar nan ba ta yi ƙarya ba, har gobe ina ganin gaskiya ta faɗa. Amma kowace Juma'a ina zaune a kusurwar ofis ina buga hatimi a littattafai goma sha ɗaya, babu gurbi ko ɗaya da ya rage fari, Hedimasta ya ce makarantar ba ta taɓa cika da Maganar Allah kamar bana ba. Sunana ya fito a kwas ɗin hutu. Maman yara ta ce in je in durƙusa in ba Kawu haƙuri. Na yi niyya sau uku, amma duk lokacin sai in tambayi kaina, don shi zan je ko don in sauke kayana a kansa, tunda na san zai yafe kafin in rufe baki, ni kuma in koma in ci gaba da zama a kujerarsa. Wataƙila wannan ma wata dabara ce ta rashin zuwa. Ke kin fi ni sanin kaina, ki faɗa mini.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki kira Kawu, da safe, tsakanin bakwai da azahar, lokacin da ba shi da kowa. Ki yi masa hirar ƙafarki da ta yara, ki bar shi ya yi miki faɗa a kan tsayuwa. Kada ki taya shi murnar hutu, kada kuma ki roƙa mini komai a wurinsa. Ni ma kada ki sake taya ni murna, don Allah.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da maganin da ya aiko wa maman yara. Ki gaida babban ɗanki, ki ce na ji labarin sabon aikinsa, Allah ya sa albarka. Ki gaida 'yan biyunki da ƙaramar mai sunan Inna, da surukarki in tana nan tare da ku. Maman yara tana gaishe ki, ta ce ɗinkinki yana nan sai an sami mai zuwa. Babbar 'yarmu da Auta suna gaida Gwaggonsu. Ubangiji ya kiyaye ku, ya sa mu gana da alheri. Jan biron yana aljihuna yanzu da nake rubutu, ban taɓa cire masa murfi ba, da shuɗi nake yi wa yara maki.

Ni ne ƙaninki,
Sakatare, wanda ko ƙirgar ma bai yi daidai ba.